LAIMAR KWAƊI: AMFANINTA DA HAƊARINTA GA MANOMI DA IYALINSA

Laccar wayar da kan jama'a, bisa misali da ƙasar Yola da Jimeta

Idan damina ta kankama a ƙasar Adamawa, wajen watan Yuli da Agusta, kogin Binuwai ya cika ya batse, duk wanda ya yi sammako daga Jimeta ya nufi Yola, ko ya haye gada ya kama hanyar Girei, ba zai rasa ganin wani abu fari ko ruwan ƙasa ya ɓullo a gindin itace, ko a kan juji, ko a jikin suri ba, alhali kuwa jiya da maraice babu shi a wurin. Hausawa suna kiransa laimar kwaɗi, wasu su ce malafar kwaɗi, wanda ake ci daga cikinsa kuma a ce da shi naman kaza. Yara sukan sa ƙafa su shure ta, manya kuwa sukan wuce ba tare da sun dube ta sau biyu ba. Amma wannan halitta da danginta suna cikin manyan abubuwan da ke riƙe da albarkar gona, suna cikin magungunan da ake sha a asibiti, kuma suna iya hallaka gida guda a kwana uku idan aka yi musu rashin sani. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san ko mece ce ita, da inda take da amfani, da inda ya wajaba a yi hattara da ita.

Mece ce laimar kwaɗi?

A dā masana suna lissafa ta cikin tsire-tsire, don tana fitowa daga ƙasa kuma ba ta tafiya. Sai a shekarar 1969 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Whittaker ya ware ta da danginta ya ba su aji na kansu, dabam da na tsire-tsire, dabam da na dabbobi. Dalili kuwa shi ne, dawa da gero da kuka da ɗorawa duk suna haɗa abincinsu da kansu, da taimakon hasken rana da koren ganye. Laimar kwaɗi ba ta da ganye, ba ta da fure, ba ta kuwa bukatar rana. Abincinta shi ne abin da wata halitta ta riga ta gina, watau busasshen ganye, da kara, da itace, da kashin shanu.

Dangin nan yana da faɗi ƙwarai. Fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu tana cikinsa. Haka yis ɗin da ake sa wa ƙullin waina da funkaso da burodi don su tashi. Haka burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, da makero da ƙyasfi da ke kama fatar mutum. Masana sun riga sun ba iri fiye da 140,000 suna, suna kuma kyautata zaton waɗanda ba a gano ba tukuna sun haura miliyan biyu.

Abin da ido ke gani a bisa ƙasa 'ya'ya ne kawai, kamar yadda mangwaro yake ga itacensa. Ainihin jikin halittar yana ɓoye a cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, wasu fararen zaruruwa ne sirara, waɗanda suka fi gashin kai sirantaka, suna bazuwa ko'ina kamar saƙar gizo. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohon dami ko ruɓaɓɓen gungume da damina ya ga farin abu ya lulluɓe ƙarƙashinsa, to ita ya gani. Waɗannan zaruruwa suna nan rani da damina. In ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙe, sai su dunƙule su turo laima waje cikin dare ɗaya ko biyu. A ƙarƙashin laimar akwai wasu sirarun shafuka jere, daga cikinsu ne ƙurar iri ke zuba, iska ta kwashe ta ta kai wani wuri. A wani daji na jihar Oregon ta Amurka an auna irin wannan saƙa guda ɗaya tak aka tarar ta mamaye fiye da eka 2,000, har ana lissafa ta cikin halittu mafi girma a duniya.

Aikinta a gona da daji

Aikin farko shi ne ruɓar da abin da ya mutu. Itace yana da wani sinadari mai tauri wanda ke ba shi ƙarfi, kuma kaɗan ne cikin halittu ke iya narkar da shi in ban da dangin laimar kwaɗi. Su ne ke cinye karan dawa, da ganyen da ya zuba, da kututturen da aka bari a gona, su mayar da su baƙar ƙasa mai taushi wadda ke riƙe ruwa. Da babu su, da dazuzzukan Ganye da Toungo sun cushe da matattun itatuwa, da kuma takin da manomi ya kai gona ya zauna yadda aka zuba shi, shuka ba ta amfana da shi ba.

Aiki na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Tun a shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Albert Frank, ya bayyana cewa waɗansu daga cikin zaruruwan nan suna manne wa saiwar itatuwa su yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da ita. Zaren yana kutsawa inda saiwa ba ta iya kaiwa, ya jawo ruwa da gishirin ƙasa ya miƙa wa shuka, ita kuma shuka ta ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa. Yanzu an tabbatar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na tsire-tsiren duniya suna da irin wannan abota, har da masara da dawa da gyaɗa da wake da rogo. A ƙasa mai yashi wadda ta gaji, wannan taimako yakan zama shi ne bambanci tsakanin shukar da ta jure fari da wadda ta ƙone.

Aiki na uku kuwa, suri ne shaidarsa. Duk wanda ya bi hanyar Yola zuwa Numan ko zuwa Fufore ya ga manyan suri jajaye, waɗansu sun fi tsawon mutum. Gara mai gina irin waɗannan manomiya ce tun kafin ɗan Adam ya san fartanya. Takan kwaso ciyawa da itace ta tauna, ta gina wani abu kamar saƙar zuma a cikin ɗakunan surin, ta shuka irin laimar kwaɗi a kai. Laimar ta narkar da itacen, gara ta ci abin da ya narke, ta ciyar da 'ya'yanta. Ɗayansu ba ya rayuwa in babu ɗaya. Da damina sai laimar ta huda surin ta fito da doguwar saiwa, kuma ita ce naman kazan da mutanen Afirka suka fi so saboda daɗinsa. Wani masani ɗan Faransa, Roger Heim, shi ya raɗa wa wannan dangi suna a shekarar 1942. Wani iri nasa da aka bayyana daga ƙasar Zambiya a 1980 faɗin laimarsa yakan kusa kai mita guda, ya wadaci iyali duka. Har yanzu ba a sami dabarar noma wannan dangi don kasuwa ba, sai dai a jira gara ta noma.

A nan ne ya kamata a yi tunani game da ƙona daji. Kowace shekara in kaka ta wuce hunturu ya kama, sai a ga wuta tana ci a bayan gari da gindin duwatsu, wasu don farautar gafiya, wasu don neman sabuwar ciyawa, wasu don share gona cikin sauƙi. Wutar nan tana cinye karan da ganyen da ya kamata su ruɓe su koma ƙasa, ta bar fili tsirara ga rana da iska da zaizayar ruwan farko. Manomin da ya ƙone karan gonarsa ya hana ma'aikatansa na ɓoye abinci, kuma shi ne zai biya kuɗin takin zamani a baɗi.

Matsayinta a al'adun mutane

Ɗan Adam ya daɗe da sanin wannan halitta. A shekarar 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a kan duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. A cikin kayansa an sami iri biyu na laimar da ke fitowa a jikin itace, ɗaya na kunna wuta. Larabawan hamada suna da wani iri mai kama da dankali wanda ke girma a ƙarƙashin yashi bayan ruwan sama, suna kiransa kam'a, kuma ambatonsa ya zo a littattafan hadisi. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma naman kaza a jikin gungume, kuma a yau ƙasar Sin ita ce ke noma mafi yawan wanda ake ci a duniya. Faransawa kuwa a cikin tsofaffin ramukan haƙar dutse na birnin Faris suka bunƙasa noman farin irin nan da ake sayarwa a gwangwani.

A Nijeriya ma al'adu sun bambanta. Yarabawa suna kiransa olu, Ibo suna ce masa ero, dukansu kuwa suna sa shi a miya a madadin nama. A shekarar 1975 wani malamin Jami'ar Ibadan, B. A. Oso, ya rubuta bincike a kan sunayen da Yarabawa ke ba kowane iri da abin da suke yi da shi na abinci da magani. A kudu akwai wani iri mai dunƙule kamar doya, wanda ake niƙawa a haɗa da agushi don miya ta yi kauri. Hausawa da Fulani galibi ba su ɗauke shi abinci ba, sunan da aka ba shi ma ya isa ya nuna haka, gama abin da aka jingina wa kwaɗo ba a cika kai shi baki ba. Jimeta kuwa tun tana tashar jiragen ruwa ta zama matattarar kabilu daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, don haka a unguwa guda ana iya samun mai ƙyamar naman kaza da mai neman sa ido rufe. Babu laifi ga wanda ya ci, babu laifi ga wanda ya bari. Abin da ake bukata shi ne mai ci ya san abin da yake ci.

Ko wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba ya ci moriyar danginsa. A shekarar 1928 wani likita a birnin Landan, Alexander Fleming, ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin faifan gwajinsa ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita. Daga baya Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka tace maganin, aka fara yi wa marasa lafiya amfani da shi a 1941, su ukun kuma suka sami lambar Nobel a 1945. Wannan shi ne asalin allurar fenisilin, wadda ta ceci rayukan da ba su ƙidayuwa daga ciwon huhu da gyambo da zazzaɓin bayan haihuwa.

Inda haɗarin yake

Haɗari na farko shi ne cin laimar da ba a sani ba. Mai guba da marar guba sukan yi kama ƙwarai, har su tsiro kusa da juna. Akwai wata babbar fara da ke fitowa a filayen ciyawa na makarantu da ofisoshi da gidaje a ƙasashe masu zafi, kyakkyawa a ido, amma in ta girma shafukan ƙarƙashinta sukan koma kore-kore. Wanda ya ci ta zai kama amai da gudawa mai tsanani cikin sa'a ɗaya zuwa uku. Akwai kuma waɗanda suka fi ta sharri, masu gubar da ke cin hanta. Su ba sa nuna alama sai bayan sa'a 6 zuwa 24. Mutum ya yi ta amai da zawo, sa'an nan ya ji sauƙi har a ɗauka ya warke, alhali gubar tana aiki a ciki. A rana ta uku ko ta huɗu sai ido ya yi rawaya, hankali ya gushe, sau da yawa kuma a rasa rai. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, haka suya, haka shanya.

Akwai camfe-camfe da ya kamata a watsar. Wasu sukan ce in tsutsa ko akuya ta ci laima to mutum ma zai iya ci. Wasu su ce mai guba tana baƙanta cokali ko albasa a tukunya, ko kuwa tana da ɗaci. Duk waɗannan ba gaskiya ba ne. Waɗanda suka tsira daga mafi munin guba sun ba da labarin cewa miyar ta yi daɗi. Baƙo shi ya fi shiga wannan hatsari, domin yakan ga abin da ya yi kama da na garinsu ya tsinka.

Haɗari na biyu ya fi na farko yawan ɓarna, ko da yake ba a ganinsa. Wata fumfuna ce mai launin kore da rawaya da ke kama gyaɗa da masara, tun suna gona in fari ya taɓa su, ko a rumbu in an adana su da danshi. Tana fitar da guba da ake kira afalatoksin. An gano ta ne a shekarar 1960, sa'ad da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masarar da ta kamu. Wanda ke cin kaɗan kaɗan shekara da shekaru kuwa, tana iya jawo masa sankarar hanta, musamman in yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. In aka ba saniya ruɓaɓɓen hatsi, gubar takan biyo cikin nono. Wannan magana ta shafi Adamawa kai tsaye, ƙasar gyaɗa da masara da shanu, inda kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono suke abincin yau da kullum.

Abin mamaki, da fumfuna ake yaƙar fumfuna. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, watau IITA, ta zaɓo irin wannan fumfuna wadda ba ta fitar da guba, ta shafa ta a jikin ƙwayar dawa, ta sa wa abin suna Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Noman naman kaza a gida

Hanyar da ta fi aminci ga mai son ci ita ce ya noma irin da aka tabbatar da shi. Akwai wani iri mai kama da kunne wanda ke fitowa jere a jikin itace, shi ya fi sauƙin nomawa, kuma ba ya bukatar fili. Abincinsa shi ne abin da ake zubarwa: tattakar shinkafar da ake bari tuli a fadamar tafkin Geriyo bayan girbi, da garin katakon da ke taruwa a wurin masu yankan katako a Jimeta, da totuwar masara, da tukar rake. Yawancin wannan ƙone shi ake yi. Rashin sani, in ji masu iya magana, kaza ta kwana a kan dami.

Ga yadda ake yi a taƙaice. A daddatse tattakar a jiƙa ta, a tsane, sa'an nan a turara ta a cikin duro na 'yan sa'o'i don a kashe sauran ƙwayoyin da ke ciki. In ta huce, a wanke hannu sosai a gauraya ta da iri, a cusa a jakar leda a ɗaure. A jera jakunkunan a ɗaki mai duhu da sanyi har mako uku ko huɗu, sai farin zare ya lulluɓe su. Daga nan a huda ledar, a bar iska da ɗan haske su shiga, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kamar mako guda za a fara tsinka, kuma jaka ɗaya takan ba da girbi biyu ko uku. Zafin Yola na watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, wanda ya fi ƙarfin wannan shuka, saboda haka damina da lokacin sanyi su suka fi dacewa, a ɗakin ciyawa da aka rataya wa jiƙaƙƙun buhuna. Iri kuwa lalle ne a samo shi ta hannun malaman gona ko sashen nazarin halittu na jami'a, irin su Jami'ar Modibbo Adama, kada a ɗebo daga daji.

Naman kaza yana da sinadarin gina jiki da bitamin, ba shi da maiƙo mai yawa, in an shanya shi kuma yakan yi watanni bai lalace ba. Sana'a ce da mace za ta iya yi a cikin gida, matashi kuma ya fara da ɗan jari kaɗan. Abin da ya rage a jakar bayan girbi taki ne mai kyau ga lambu.

Abubuwan da ake roƙon jama'a su kiyaye

1. Kada kowa ya ci laimar daji sai wadda wani masani na wannan yanki, wanda ya daɗe yana cin ta, ya tabbatar da ita ɗaya bayan ɗaya. In akwai shakka ko kaɗan, a zubar.

2. Iyaye da malaman makaranta su gargaɗi yara kada su kai kowace irin laima baki, a kuma tuge waɗanda suka fito a tsakar gida inda ƙananan yara ke rarrafe.

3. Wanda ya ci ya ji ciwon ciki ko amai, a gaggauta kai shi asibiti tare da duk waɗanda suka ci da shi, ko da ba su ji kome ba. A tafi da ragowar laimar ko miyar don likita ya gani. Kada a tsaya jiran manja ko madara ko jiƙo su yi aiki, kada kuma a ruɗu da sauƙin rana ta biyu.

4. A girbe gyaɗa da masara a kan kari, a shanya su a kan tabarma ko tamfol har su bushe ƙarau, a tsince waɗanda suka yi fumfuna ko suka motse. Abin da aka tsince kada a yi ƙuli-ƙuli da shi, kada a ba kaji ko shanu. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai iska.

5. A daina ƙona kara da daji. A bar abin da gona ta fitar ya ruɓe a cikinta, ko a tara shi a rami a yi taki.

Lafiyar iyali da ƙarfin ƙasar noma amana ce a wuyan kowa, daga mai unguwa har zuwa manomi da uwargida da ɗan makaranta. Ana fatan duk wanda wannan ɗan littafi ya isa hannunsa zai karanta wa maƙwabtansa waɗanda ba su iya karatu ba, ya kuma kai tambayarsa ga malamin gona ko ma'aikacin lafiya mafi kusa da shi. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyaye jama'a daga cuta, Ya zaunar da ƙasa lafiya.